Hotunan almajirai da mabarata: wai da gaske kyamara ba ta ƙarya?

Ɗan Kyamara:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai aikin da nake son farawa, shawararku nake nema. Hotunan fuska zalla, baƙi da fari, na mutanen da muke giftawa ta gabansu kullum ba ma ko ɗaga ido: almajirai, makafi, kutare, tsofaffin da ke jere a bakin masallacin Juma'a, 'yan gudun hijira. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum zai ce maka lafiya lau da baki, amma in kyamara ta kama idonsa shi ke nan, asiri ya tonu, domin ita ba ta san kara ba. Wanda ya sa min wannan sha'awar wani ɗan Ingila ne, Lee Jeffries, mai ɗaukar waɗanda ke kwana a titi. Ni a ganina in tsaya daga nesa da dogon lens, gilashin kyamara mai jawo abu kusa, ba tare da mutum ya sani ba, don da zarar ya farga sai ya gyara fuska, gaskiyar ta gudu. Me kuka gani?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya dafa maka ƙanena. Ni kam ban taɓa ganin hoton almajiri riƙe da roba ban ji hawaye ya taho min ba.

Gardi Mai Ɗinki:
Malam Ɗan Kyamara, ni almajiri ne, tun ina kolo aka kawo ni birni, a tsangaya na girma kafin na koyi ɗinki. Masu irin aikinka mun sha ganinsu. Mota ta tsaya a tsallaken titi, a sauke gilas kaɗan, a leƙo da kyamara kamar maharbi ya ga barewa, kafin ka ce me an ja mota. Tambayata ɗaya ce. Yaron da ka ɗauka da tsakar rana ya yamutsa fuska, ta ina ka san baƙin ciki ne? Rana ce ta dalle masa ido, ko fitsari ne ya matse shi, ko kuwa haushinka yake ji da ka tsura masa wannan abin. Kai dai ka koma gida ka rubuta "rayuwar ƙunci" a ƙasa, mutane su yi ta Allah sarki.

Ɗan Kyamara:
Yaya Gardi, wallahi ba da nufin wulaƙanci ba ne. So nake a gan su.

Gardi Mai Ɗinki:
Na yarda da niyyarka. Amma ai su ma suna da baki.

Malamar Jarida:
Bari in sa baki. Ƙanena, shi wannan Jeffries da ka kafa hujja da shi, ka san yadda aikin nasa ya faro kuwa? Akanta ne. A 2008 ya je Landan zai yi gudun fanfalaki, sai ya hangi wata matashiya kwance cikin jakar barci a bakin wata ƙofa, ya tsaya daga nesa da dogon lens yana ɗauka, daidai yadda kake shirin yi. Ta gan shi, ta ɗaga murya ta zazzaga masa masifa a gaban mutane. Sai ya tsallako ya ba ta haƙuri, ya zauna suka yi hira. Hotunan da suka burge ka ɗin nan, waɗanda ake iya ƙirga gashin gira, na bayan wannan ne, kuma kusa da kusa ake ɗaukar irinsu, da sanin mai fuskar. Wato malamin naka ma ya bar hanyar da kake son bi.

Baba Mai Studiyo:
Ku ba tsoho wuri. Na fara wannan sana'a tun ana sa fim, ana shiga ɗakin duhu a wanke, hannu ya yi ta warin magani har dare. Yaro, fim ɗaya hoto 36 yake ci. In na zaunar da mutum na ƙarar masa da fim guda, na buga su ƙanana a takarda ɗaya, abin da za ka gani sai ka riƙe baki. A nan yana kama da wanda aka yi wa rasuwa, a na gaba kamar ɗan maye saboda ƙifta ido ya yi, a na uku kamar zai kai maka duka, a na huɗu yana murmushi. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, cikin 'yan mintuna. Wanne ne zuciyar tasa a ciki?

Kyamara tana buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, wani lokacin ma ƙasa da haka. Abin da ta gani a wannan ƙiftawar ta gani, ba ta ƙara ba ta rage ba, nan kam na ba ka. Amma wanda ya zauna ya ce "wannan za a wanke, sauran a zubar", ni ne. In amarya ce na zaɓi wanda ta fi haske, don in ba haka ba uwarta ba za ta biya ni ba. Kai kuma da ka fita neman tausayi, wanda ya fi ban tausayi za ka zaɓa. Duka biyun kasuwa muke ci, kada ka ga kamar taka ta fi tsarki.

Malamar Jarida:
Baba ya gama magana. Ga misali daga manya, ba ma talakawa ba. Hoton tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill da ya fi shahara, wanda ya haɗe rai ya dafa ƙugu, har yana jikin takardar fam biyar ta Ingila. Yousuf Karsh ne ya ɗauka a Ottawa, a watan Disambar 1941. Duniya ta ce ga fuskar jarumin da ya ƙi sunkuya wa Hitler. Abin da ya faru a ɗakin kuwa, mai hoton ne ya matso ya zare masa sigarin da ke bakinsa, ya danna kafin fushin ya sauka. Jim kaɗan ya sake ɗaukarsa yana murmushi, amma wannan ba shi aka yayata ba.

Ɗan Kyamara:
To amma Anti, ai masana sun tabbatar akwai murmushin gaske da na yaƙe. Na gaske har gefen ido yake tattarewa. Sunansa ma murmushin Duchenne. Wannan ai kyamara na iya kama shi.

Malamar Jarida:
Tana iyawa. Sai dai ka san yadda shi Duchenne ɗin ya samo hotunansa? Likita ne a Faransa, littafinsa ya fito a 1862. Mafi yawan hotunan na wani tsoho ne marar haƙora wanda fatar fuskarsa ba ta jin zafi sosai. Wayar lantarki yake ɗora masa a kumatu da goshi, naman ya motsa, fuskar ta nuna firgici ko mamaki ko dariya, a ɗauka. Har masanin kimiyyar nan Charles Darwin ya yi amfani da wasu daga cikin hotunan a littafinsa na 1872. Ka ga tun farkon lamarin, fuskar bawan Allah marar galihu aka samu aka juya yadda ake so, tsohon kuwa ba wani firgici da ke ransa.

Sannan ka tuna a ina kake. Mu nan yaro mai tarbiyya ba ya tsura wa babba ido, sunkuyar da kai yake. Mace in baƙon namiji ya fuskance ta, mayafi za ta ja ta kau da kai. Na sha ganin irin waɗannan hotunan a rahotannin ƙungiyoyin waje an rubuta cewa yaron ya yanke ƙauna da rayuwa, alhali ladabi yake yi.

Uwar Biyu:
Kai, wannan gaskiya ne. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa dariya a hoto ba, ko na ranar da ya dawo daga Makka. Cewa yake dattijo ba ya washe baki.

Maman Ikram:
Na yi aiki da wata ƙungiyar agaji a sansanonin 'yan gudun hijira a Maiduguri, ba zan faɗi sunanta ba. Duk ranar da aka ce gobe masu hoto za su zo, ku zo ku ga mata. Mai zani ɗaya na kirki za ta wanke shi ta shanya a kan igiyar tanti, a aro kwalli, a yi wa yara wanka a shafe su da mai har suna ƙyalli. Wata tsohuwa daga wajen Bama, ina tuna ta, ta ɗaura ɗankwalinta ta kwance ta sake ɗaurawa tana duba fuskarta a gilashin wayata da ke kashe, tana tambayata ko ya zauna daidai.

Baƙon da aka turo ya iso ya duba, sai ransa ya ɓaci. Wai sun yi tsaf da yawa, masu ba da kuɗi ba za su yarda suna cikin wahala ba. Ya bar su a tsaye ya zagaya bayan tantuna, ya samo wani yaro da bai samu wankan ba, majina a hanci, ya durƙusa ya yi ta ɗauka. Shi ne ya hau bangon rahoto. Tsohuwar nan ta bi ni da tambaya har yamma, yaushe za a zo kanta.

Ba cewa nake ba su sha wahala ba. Abin da matan nan suka gani, Allah kada ya maimaita. Amma wadda ta gyara ɗankwalin ita ma gaskiya take nunawa, tana cewa ne ni mutum ce, ina da gida kafin wannan. Shi ya sa nake ganin ƙimar aikin Fati Abubakar. 'Yar Maiduguri ce, ta karanci aikin jinya, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a lokacin da duk abin da duniya ta sani game da garin bai wuce bam da gawa ba. Ta shiga ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar sallah, 'yan gudun hijirar ma tana ɗaukarsu, amma da labarinsu daga bakinsu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku yi mini haƙuri, ni ban bi ku duka ba. Kuna magana kamar hoton wahala zunubi ne. A 2005 ina Maraɗi, da idona na ga yunwar da anka yi bayan fari da fara. Shugaba Tandja da kansa ya fito ya ce babu yunwa a ƙasar. An daɗe ana kiran duniya ta kawo ɗauki, shiru. Sai da BBC ta nuna yaran nan a cibiyar ciyarwa, haƙarƙari waje, hannu kamar a karye, sannan jirage sunka fara sauka da abinci. In da an tsaya sai kowace uwa ta yi kwalliya ta sa hannu a takarda, yara nawa za a binne kafin nan? Wanda ke cikin ƙoshi shi ka maganar mutunci.

Gardi Mai Ɗinki:
Ɗan uwa, na kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, kuma a ranar ma ina son mutuncina.

Ɗan Maraɗi:
Ban musa maka ba Malam. Amma ka amsa mani, a nuna ko kar a nuna?

Malamar Jarida:
A nuna. Ni ban ce a ɓoye ba, kuma abin da ka faɗa game da 2005 haka yake. Inda nake tsayawa shi ne me ke faruwa da mai fuskar bayan an gama cin moriyar hoton.

A watan Maris na 1936 wata mai ɗaukar hoto, Dorothea Lange, tana yi wa gwamnatin Amurka aiki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ci-rani a Nipomo, jihar Kalifoniya, ta ɗauki wata mata ta yi tagumi, 'ya'yanta biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya fita a jarida, gwamnati ta aika abinci sansanin. Ka ga hujjarka ta tsaya. Amma kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun yi gaba. Lange ko sunanta ba ta tambaya ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, Florence Owens Thompson, shekararta 32 lokacin da aka ɗauke ta. Ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba, kuma iyalin sun musanta wani ɓangare na labarin da aka liƙa wa hoton, wai sun sayar da tayoyin motarsu don su ci abinci. Don adalci, da ta kwanta ciwon ajali a 1983, saboda hoton nan mutane suka yi ta aiko da gudummawa.

Ga kuma yarinyar Afganistan mai koren ido. Steve McCurry ya ɗauke ta a 1984 a sansanin Nasir Bagh kusa da Peshawar a Pakistan, ta hau bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985. Shekara da shekaru ana fassara idon nan, wai tsoron yaƙi ne. Da aka gano ta a 2002, sunanta Sharbat Gula, ba ta taɓa ganin hoton ba, kuma abin da ta tuna na ranar shi ne haushi: baƙon namiji ne ya zo ya tsaya a kanta. Miliyoyin mutane sun kalli fuskar sun karanta abin da suke so.

Maman Ikram:
Anti kin manta da namu na gida. Lokacin gangamin 'yan matan Chibok a 2014, hoton da ya fi yawo na wata yarinya da hawaye a kumatu, ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce. Wata Ba'amurkiya, Ami Vitale, ta ɗauke ta a Gini Bisau kan wani aiki daban, hawayen kuma da kwamfuta aka ɗora. Mu nan muka yi ta turawa muna kuka.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Ni ma na sa shi a shafina wallahi.

Ɗan Kyamara:
To yanzu in na je na gaisa na nemi izini, ai kowa zai tsaya ƙiƙam kamar hoton fasfo. Wannan kuma ba shi nake nema ba.

Baba Mai Studiyo:
Minti nawa ka taɓa zama da mutum? Sandarewar nan ta farko ce, kowa yana yi. Ka bar kyamarar a cinya, ka tambaye shi garinsu, damina ta yi kyau bana ko ba ta yi ba. Zai gaji da riƙe fuska, kafaɗa ta sauka, sannan ka ɗaga. Kuma ko ya ci gaba da gyara zama, bar shi. Ka nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe studiyo a 1948. Ajiye kwat yake da agogo da rediyo har da babur, talaka ya zo ya zaɓi abin da zai riƙe. Rediyon ba nasa ba ne, kowa ya sani. Amma in ka kalli yadda ya ɗora hannu a kai, ka san abin da mutumin nan yake buri. Yau a manyan gidajen tarihi na duniya ake rataye su.

Dogon lens ɗin nan kuma ka ajiye shi sai ranar hawan sallah. Sa gajere, mai lamba 50, ko 35 ma. Shi zai tilasta maka matsowa inda za a ji sallamarka.

Gardi Mai Ɗinki:
In da gaske kake, ga abin da ban taɓa ganin mai mota ya tsaya ya ɗauka ba. Karatun dare a gefen wutar kiskali, allo a cinya, hasken yana rawa a goshin yara. Ranar Alhamis da ba karatu, an yi layi ana wanki, ana aski, ana buga ƙwallon tsumma. Gardi ya tanƙwashe ƙafa yana zayyana allon sauka, ya fere alƙalami da reza, ya gwada bakinsa a kan farce, ya tsoma a tawada, numfashi ma a hankali yake yi kada layi ya karkace. Fuskarsa a lokacin, ita ce nake so wani ya ɗauka min. A Kano ma an taɓa ba almajirai kyamara suka shirya fim da kansu, Duniya Juyi Juyi, tare da wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner. Da suka samu dama, har da yadda ake wulaƙanta su a gidajen da suke aiki suka nuna.

Ɗan Maraɗi:
To ka gani, su ma wahalar sunka nuna. Kar mu mai da tsangaya aljanna. Ƙazuwa fa, da kwana a shago cikin hunturu, da yaro ɗan shekara shida yana bara da dare?

Gardi Mai Ɗinki:
Duk akwai, tabon ƙazuwar yana hannuna har yau. A ɗauka. Amma a shiga ta ƙofa, a gaida Malam, a tambayi yaron sunansa. Kuma a tuna yanzu waya ta kai ƙauye. Uwa tana zaune sai maƙwabciya ta miƙo mata Facebook, ga ɗanta yana lasar roba, dubban mutane suna zagin iyayensa a ƙasa. Yaron kuma zai girma ya nemi aure, hoton yana nan.

Maman Ikram:
Ni nan ne ma na kasa warwarewa. Babba zai ce ya yarda ko bai yarda ba. Yaron da iyayensa ke wani gari fa? Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce a nemi yardar iyaye ko mai riƙo. Malam mai riƙo ne, na ji, amma in abin da za a nuna laifin Malam ɗin ne, shi za a tambaya? Haka makaho: za ka ce ya yarda, alhali ba zai ga abin da ya yarda da shi ba.

Baba Mai Studiyo:
Makafi suna da sarkinsu, guragu ma haka, kutare ma haka. Ta nan ake bi. In ka ɗauka kuma ka faɗa masa abin da ke ciki tsakaninka da Allah: Malam, hularka ta ɗan karkace, ana ganin yagewar aljihu, bakinka a buɗe kana waƙa. In ya ce a sake, a sake. Na yaran kam, 'yata, ɗauki hannu da allo, ko ta baya. Ba dole sai fuska ba.

Ɗan Kyamara:
Baba, aikin gaba ɗaya fa na fuska ne. Zan bi ta wurin Malam da sarakunan, wannan na karɓa. Amma har yanzu ina nan kan cewa akwai abin da ido ke faɗa wanda baki ba zai faɗa ba.

Malamar Jarida:
Akwai. In ka wanke, ka koma ka nuna wa mai idon, ka ji ko fassararku ta zo ɗaya. Sannan ka sassauta hannu wajen gyaran hoton a kwamfuta. Baƙar fata a hunturu, in ka ƙure mata kaifi da duhu, ɗan shekara arba'in sai ya koma na saba'in, kowane kirci ya zama rami.

Admin:
Daga yau duk wanda zai sa hoton yaro ko marar lafiya a wannan zaure, ya rubuta a ƙasa wa ya ba shi izini. In babu, zan cire.

Ɗan Maraɗi:
Ranar da wata yunwa ta zo, Allah ya kiyaye, ni zan sa nawa, ka cire.

Uwar Biyu:
A ba su kuɗi ne ko kar a ba su? Ba wanda ya taɓo wannan.

Maman Ikram:
In ka ba da kafin ka ɗauka, gobe za ka tarar an yi maka layi kowa ya karya wuya. Bayan an gama dai ka yi alheri yadda ka saba. In kuma ka sayar da hoton, rabonsu yana ciki.

Baba Mai Studiyo:
Ka kai musu na takarda, babba, a leda. Da yawansu hoton da suke da shi a duniya bai wuce na katin zaɓe ba. Kawo min in wanke maka, zan rage maka wani abu, amma takarda ta yi tsada, kada ka zo min da maganar bashi.